Ranar da Kawu Ya Nemi Ruwa Daga Kan Soro

Jiya jikokina suna ta musu kan fentin da za a shafa wa gidanmu na Gumel, wannan ya ce shuɗi, wancan ya ce fari. Ni kuwa sai warin makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ake shafe soro da shi, ya dawo mini a hanci, na tuna garinmu Ɗanzomo kafin 'yancin kai, na tuna Kawu, yayan mahaifiyata, mutumin da ko gobara ta tashi ba ya ɗaga murya.

Gab da damina ya zo yi mini yaɓe. Yana kan soro yana shafe rufin, ina ƙasa ina miƙa masa ƙwarya, sai muka ji ƙas! Azara ta tsage a ƙarƙashinsa, ashe gara ta cinye ta. Matata kuwa tana cikin ɗakin da jaririnmu.

Na buɗe baki zan yi ihu, ya ɗaga mini hannu, jajir da makuba. Ya san in ya motsa, rufin a kansu zai faɗa.

"Amarya," ya ce a hankali, "ɗebo mini ruwa a randar waje. Taho da maigidan, jaririn nan, in gan shi."

"To, Kawu."

Ina jin ta tana neman zanen goyo, ƙasa tana zuba. Tana fitowa tsakar gida, ya ja jiki wajen tsani, rufin ya rufta da shi.

Mun tono shi da karaya a cinya. Da sanda ya ƙarasa rayuwarsa, bai taɓa tayar da zancen ba.

Allah Ya jiƙansa, Ya yalwata masa makwanci.