Motar da Ba Ta Shan Mai

Shekarar da man fetur ya gagari kowa na sayar da tsohuwar motata, na sayi mai aiki da lantarki. Ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani kamfanin jima a Challawa, gidanmu kuma a Na'ibawa, kullum ina kan hanya safe da yamma. Dillalin da ya kawo ta ya rantse min cewa na rabu da layin gidan mai ke nan. Maigidana ya zagaya motar, ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce, "To, Allah ya sa alheri. Amma wutar da za ta sha, a ina za ki samo ta?" Na yi dariya, na ce ai kamar waya ce, jonawa kawai ake yi.

Da farko kam na ji daɗi. Ba ƙara, ba hayaƙi, masu gadin kamfani har miƙewa suke su kalle ta tana shigowa shiru. Sai unguwarmu ta koma halinta. A kawo wuta da rana ina wurin aiki, kafin in dawo an ɗauke. Ranar da aka bar ta kuwa sai ta zo ba ƙarfi, ko firji ba ta ɗauka, cajar ta yi ta ƙifta jar fitila tana ƙin karɓa. Na je na tambayi kuɗin sola da za ta iya riƙe motar. Da mai shagon ya faɗa min, sallama kawai na yi masa na fito.

Sai na roƙi manajanmu ya bar ni ina jonawa a bayan sito, ya yarda. Ba a daɗe ba ya kira ni ofis.

"Hajiya, ki yi haƙuri," ya ce. "Rabin yini a kan janareta muke, kin kuma san tsadar dizal. Ga leburori sun fara zuwa da batiran baburansu, wai ai ke ma an bar ki."

Ban ga laifinsa ba, amma har na koma kan aikina raina a ɓace yake. Wata Asabar na tsinci kaina zaune a tsakar gida, ina kallon janaretanmu yana zuƙar fetur don motar ta samu caji. Maigidana ya wuce ni zai tafi masallaci, ya kalli janaretan, ya kalle ni, ya fice abinsa. Da ma faɗa ya yi min da ya fi sauƙi.

Ranar da ta fi ƙona min rai, an aike ni Bompai da samfurin fata wurin wani mai saye. Na duba caji, na ga kamar zai kai ni ya dawo da ni. Rana ta take, cunkoso ya riƙe mu, na kashe esi don in tattala batir, gumi ya jiƙa min hijabi sharkaf. A hanyar dawowa, daf da Sharada, ta rage gudu da kanta, sannan ta tsaya cak. Masu adaidaita sahu suka yi ta danna min hon. Wani bakanike da ke gefen titi ya taso, ya buɗe gaban motar, ya tsaya yana kallo.

"Hajiya, ina injin?"

"Babu, Malam. Batir ne da ita."

"To wallahi ban san inda zan taɓa ba. Kar in ɓata miki."

Motar janwe na kira aka ɗora ta. Na hau gaba kusa da direba muka nufi gida, yana ta tambayata ko da gaske ba a yi mata juyen mai.

Har yanzu tana nan a garejin gidanmu. Na sa ta a kasuwa, amma duk wanda ya zo tambayarsa ɗaya ce: in batirin ya mutu, wa ke sayar da shi a Kano? Ni ma ban sani ba. In an yi sa'ar wuta nakan kai yara makaranta da ita. Wurin aiki kuwa, bas ɗin ma'aikata nake bi.