Ƙafar Thongbai da Katin Asibiti

Thongbai mijin yayata ne. Mutumin Thailand ne, daga ƙauyukan da ake noman shinkafa mai danƙo. Yana saurayi ya fara zuwa garinmu, Zhongli a Taiwan, cikin leburorin da aka kwaso don aikin babbar hanya. A lokacin yayata Yu-chiao tana taya mahaifiyarmu sayar da abinci a bakin sansaninsu, kuma shi kaɗai ne a cikinsu yake wanke kwano kafin ya mayar. Aiki ya ƙare ya koma gida, kowa ya yi aurensa. Sai bayan matarsa ta rasu, mijin Yaya ma ya rasu, wata 'yar garinsu da ke aure a nan ta haɗa su a waya. Yana dab da shekara sittin ya dawo Taiwan a matsayin ango, da jaka ɗaya da tukunyar turara shinkafa.

Yaya tana da shagon karin kumallo kusa da kasuwa: madarar waken suya, wainar ƙwai, cuɗaɗɗiyar shinkafa. Shi ya karɓi suya da wanke ƙasa. Mutum ne marar magana, yarenmu ma na leburori ya iya, rabi umarni rabi zagi, ga shi yana faɗarsu cikin ladabi. Ni direban tasi ne, a shagon nake karyawa kullum, ina tsokanarsa.

"Mijin Yaya, ka ƙara ƙwai mana. Sadakinka ne za a rage?"

"Ci ka tafi," in ji shi. "Mota ba ta tuƙa kanta."

Mu da aka haifa a nan ba ma tuna katin inshorar lafiya sai mura ta kama mu. Amma baƙon da aure ya kawo shi sai ya zauna wata shida kafin ya nema. A cikin watannin nan ne man suya ya zubo wa Thongbai a ƙafar hagu. Yaya ta gani, ta ce su je wurin likitan kan kwana, ko nawa ne ta biya. Ya ce ƙuna ce kawai, ba ta ma yi masa zafi. Ya shafa wani man garinsu, ya mayar da dogon takalmin robar da yake aiki da shi.

Daga nan ya canza. Ya daina cire takalmin sai a banɗaki. Ya koma kwana a kujerar falo, wai minsharinsa na damun Yaya. Akwai wani ɗan sanda da ke sayen madara kowace safiya, mutumin kirki, amma da Thongbai ya hango babur ɗinsa sai ya shige bayan shago ya kama wanke tukunyar da aka riga aka wanke. Ya rame, ga shan ruwa kamar raƙumi. Yaya ta tare ni wata rana a bakin mota.

"Auta, ko dai gida yake so? Ko ni ce ya gaji da ni?"

"Da ya gaji da ke, da bai tsaya yana wanke miki ƙasa ba."

"To me yake ɓoyewa? In na taɓa goshinsa sai ya kau da kai. Jikinsa da zafi, na rantse."

Na ce ta bari a karɓo kati, mu ja shi asibiti ko yana so ko ba ya so.

Ranar da wa'adin ya cika, Yaya ba ta iya rufe shago ba, sai ta ba ni takardun aure da katin zamansa da hotonsa, ta ce in kai shi ofishin inshora. Ya fito da farar riga a goge, gashi ya sha mai, a ƙasa kuma takalmin roba.

"Ofishin gwamnati za ka ko kamun kifi?" in ji Yaya. "Ga takalmin bikinmu can."

"Ya matse ni."

Sai da muka rufe gilashi na kunna sanyi sannan na ji warin. Na yi shekaru ina ɗaukar mutane, na ɗauki mashaya, na ɗauki masu kifi, ban taɓa jin irinsa ba. Wari ne mai zaƙi-zaƙi, kamar naman da aka manta a leda. Na dube shi ta madubi. Yana kallon titi, gumi na gangaro masa ta bayan kunne.

"Mijin Yaya, mene ne wannan?"

"Tuƙa."

"Ƙafar ce?"

"Don Allah ka tuƙa. In an gama na gaya maka."

Na so in juya zuwa asibiti, amma yadda ya riƙe hannun ƙofa na tabbata in na juya zai buɗe ya fita.

A ofishin muka ɗauki lamba muka zauna a can baya, shi ya zaɓi wurin, kusa da taga. Ya riƙa bin ƙofofi da ido ɗaya bayan ɗaya. Can ya matso kusa da kunnena.

"Wanne ne ɗakin likitan?"

"Wane likita?"

"Wanda ke sa a tuɓe."

Na ce babu likita a nan, takardu kawai ake dubawa. Ya girgiza kai, irin na wanda ya san abin da yaro bai sani ba. A nan ya ba ni labarin Somwang, abokinsa da suka taso tare, suka zo aikin hanya a jirgi ɗaya. A wancan zamani ana jera leburori a kai a kai a duba lafiyarsu. Aka ga tabo a hoton ƙirjin Somwang. Bai ko koma sansani ya ɗauki kayansa ba, Thongbai ne ya ɗaure masa su a buhu. Kafin mako ya zagayo Somwang yana cikin jirgin komawa gida. Da Thongbai ya koma gida bayan shekaru, uwar Somwang ce ta nuna masa inda aka ajiye tokar gawarsa a haikalin ƙauye.

"Ƙasarku tana son baƙo mai lafiya," ya ce. "In ya lalace sai a mayar. Ni kuma ba ni da kowa a can yanzu. Yayarka kaɗai gare ni."

"Wancan na leburori ne, kuma tun yaushe. Kai miji ne."

"Shi ma Somwang a da sun ce ɗan'uwa ne."

Gaskiya ni ma tsoro ya kama ni, don ban taɓa karanta dokar ba, na dai san abin da kowa ke faɗa. Na fara tunanin in matar da ke bayan tebur ta ji warin, ta kira wani, me zan koma in gaya wa Yaya.

Aka kira lambarmu. Ya miƙe ya taka zuwa teburin ba tare da ya ɗingisa ko sau ɗaya ba. Har yau ban san yadda ya yi ba. Ya tsaya ƙam, ƙirji a gaba, hannuwa a gefe, kamar yadda ake tsayawa a layin sansani. Ma'aikaciyar, wata mai gilashi da ba ta wuce sa'ar 'yata ba, ta karɓi takardun tana dubawa.

"Kawu, zauna mana."

Bai zauna ba. Ta tambayi ko ya fita ƙasar tun zuwansa, na ce a'a. Ta juya hoton, ta dube shi, ta sake duban hoton.

"Ka rame," ta ce. "Ko Anti ba ta ba ka abinci?"

Na yi dariyar dole. Ta ce mu ɗan jira. Da ta sake kiranmu sai ta turo katin a kan tebur, da fuskarsa a jiki. Ya ƙi taɓawa.

"An gama?"

"An gama, Kawu."

"Ba a karɓewa?"

"A kan me?"

"In mutum ba shi da lafiya."

Ta cire gilashinta ta dube shi da kyau. "Ai don ranar rashin lafiya aka yi shi. Kawu, me ke damunka?"

Sai ƙafar ta ƙi ɗaukarsa. Ya zame ya zauna a ƙasa, ya ce mini a hankali, "Cire mini takalmin." Na ja, ya ƙi fita. Ƙafar ta kumbura ta cika shi.

A asibiti da almakashi aka yanka robar. A ciki ya naɗe ƙafar da leda da safa biyu don kada wari ya fita. Ban iya kallo ba, na fita na kira Yaya. Ta zo da rigar aikinta, gari a hannu. Likita ya ce ciwon suga ne ya daɗe a jikinsa bai sani ba, shi ya sa ƙunar ba ta yi zafi ba, kuma ba ta warke ba. Yatsu biyu sun mutu, ciwon ya fara shiga jini. Ya ce za su yi ƙoƙari su tsaya a yatsun, amma kada mu yi mamaki in an kai ga gwiwa.

Yaya ba ta yi kuka ba. Ta zauna a bakin gadon ta riƙe masa kunne kamar yaro.

"Kai wawa ne," ta ce. "Ka bar ni ina zaton wata ka ajiye a can."

"Na ji tsoro."

"Da sun sa ka a jirgi, kana tsammanin a ina zan zauna? Kujerar kusa da kai."

Kwanaki muka yi zazzabin na sauka yana hawa. Kullum likita ya zo sai ya zana layi da biro a kan fatar, ya ga ko jan ciwon ya haura. Duk wayar da ta shigo mini ina tuƙi sai gabana ya faɗi. Daga baya jan ya fara ja da baya. Yatsu biyun kaɗai aka cire.

Yanzu a zaune yake aiki, a kan doguwar kujera, yana cuɗa shinkafa. An hana shi cin mai danƙon sai 'yar loma, abin da ya fi rashin yatsun ɓata masa rai ke nan. Ranar Lahadi yakan je shagunan 'yan garinsu a bayan tashar jirgin ƙasa, inda matasan ma'aikata ke taruwa. In ya ga wani yana tari ko yana ɓoye hannu a aljihu, sai ya zauna kusa da shi, ya kwance takalmi, ya ɗora ƙafar a kan benci ana tsakiyar cin abinci, don yaron ya ga abin da ɓoye ciwo ke jawowa. Masu shago sun kawo wa Yaya ƙara har sau biyu. Ta ce su ƙyale shi, ƙafarsa ce.