Wayar Jikin Rumbu

Duk wanda ya ce maka neman aiki zaman banza ne, bai taɓa yinsa ba. Ni na yi shi, na sha shi har wuya. Na gama difloma a fannin aikin gona, na dawo ƙauyenmu da ke tsakanin Gwiwa da Roni da takardata a cikin leda, ina jin kaina kamar gobe za a aiko mota a ɗauke ni. Tun ban sauke jaka ba mutanen gari suka fara ce mini malamin gona. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, malamin gona yana nan yana noman gonar marigayi ubansa da fartanya kamar kowa.

Kazaure ce ofishina a lokacin. Da an ji ƙishin-ƙishin ana ɗaukar ma'aikata, sai in hau acaɓa zuwa bakin titi, in shiga motar haya, in sauka a layin masu fotokofi. Nan muke haɗuwa mu marasa aiki, kowa da ambulan a hammata. In akwai wuta babu sabis, in akwai sabis babu wuta, ranar da duka biyun suka samu kuma sai shafin ya ƙi buɗewa. Hoton fasfo kuwa na ɗauka har mai hoton ya daina ce mini in gyara zama. Amma wallahi yanzu in na bi ta layin nan sai in ji kewa ta kama ni. Ban taɓa yin dariya a wani wuri kamar yadda na yi a can ba. Rake ɗaya mukan saya mu kakkarya, mu zauna a inuwar dalbejiya muna zagin waɗanda aka ɗauka, alhali kowa a cikinmu addu'arsa ke nan ya shiga sahunsu.

Duk abin da ka cike sai an nemi lambar waya, kuma nan matsalata take. Wayata babba ce mai shan caji, ga garinmu babu wutar lantarki. Rabin rayuwarta a wurin mai caji a Gwiwa take yi, sauran rabin a mace a aljihuna. Saboda haka nakan ƙara da lambar mahaifiyata. Tata 'yar ƙarama ce da ƙanenta ya saya mata, in aka yi mata caji ranar kasuwa sai wata kasuwar. Kuma a duk gidanmu wuri ɗaya ne sabis ke sauka, jikin rumbun gero ta gefen gabas. Nan aka kafa ƙusa, aka rataye ta a cikin 'yar jakar saƙa.

Ni ne ɗan farinta, ita kuwa Bafulatana ce ta gaske, a ruga ta tashi. Ƙari a kan haka, sunan kakana aka sa mini, wato surukinta. Kunya biyu ke nan a kan suna ɗaya. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, kuma ba ta yi mini magana kai tsaye sai dole ta kama. Ni ma ban taɓa ce mata Inna ba, Adda nake ce mata yadda na ji ƙannenta suna faɗa. In tana son in ci abinci, sai ta ce da Goggo, yayar mahaifina da ke zaune tare da mu, "Yaya, tuwon can zai huce." In Goggo ba ta nan, kajin gidan ma sun isa a yi maganar da su, ni dai in ji. Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba, don na san wa ake ɗebar wa man shanu a ɓoye.

A daminar da nake ba da labari, wani shiri na taimaka wa manoma ya zo neman malaman gona da za su yi aiki a yankinmu. Kai, wannan kamar don ni aka yi shi. Suka zo daga Dutse, suka ari wani zauren makaranta a Kazaure suka yi mana jarrabawa. Tambayoyin duk a kan gero ne da wake da tsutsar da ke cinsu, abin da na karanta kuma na taka da ƙafata. Na fito ina murmushi ni kaɗai. Suka ce waɗanda suka ci za a kira su a waya don ganawa ido da ido, suka tattara kayansu suka tafi.

Ranar da aka kira, ina Kazaure ina fotokofin takardun wani aikin da ko a mafarki ban sa ran samunsa ba. Wayata a mace. Goggo ta tafi barka. Na dawo da la'asar na tarar da su biyun a tsakar gida, Adda tana tsince wake a faifai. Ina ajiye ambulan ta fara magana, fuskarta wajen Goggo.

"Yaya, ɗazu an kira a wayar nan. Wata mace ce mai Hausar birni."

"Ta ce me?" in ji Goggo.

"Ta ambaci wani suna, ta ce ko nan ne."

Na tsaya cak da takalmi ɗaya a ƙafa.

"To ke kika ce mata me?" in ji Goggo.

"Na ce nakan gan shi."

Goggo ta tafa hannu. "Kikan gan shi! A ina, a kasuwar Gwiwa?"

Adda ba ta ɗago ba. "Sai ta ce mene ne shi a wurina. Na ce ɗan gidan nan ne. Ta ce to in maimaita mata cikakken sunan, ta tabbatar ba kuskuren lamba ta yi ba, don mutane da yawa za ta kira. Na ce sunan kakansa aka sa masa."

"Sai ta ce?"

"Ta ce ita ba ta san kakansa ba. Na yi shiru, ita ma ta yi shiru. Can ta ce in yi haƙuri, ta kashe."

Ban san lokacin da na isa jikin rumbu ba. Na kira lambar, tana shiga ba a ɗauka. Na sake, na sake, har yatsana ya gaji. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Shekara da shekaru ina yawo a rana da ambulan, yau an zo har gida ana nemana, an koma saboda kalma biyu! Ba ni da bakin yi wa Adda magana, sai na juya kan Goggo.

"Goggo, suna ne fa! Ba zagi aka ce ta yi ba!"

"Kai, mai sunan Baba, rufe mini baki," in ji ta. "Kana ganin ita daɗi take ji? Dubi waken nan, tun ɗazu mai kyan take zubarwa tana barin tsakuwar."

Washegari na koma zauren da aka yi jarrabawar. Maigadin ya ce shi dai ya ga sun zo ya ga sun tafi, bai san ofishinsu ba. Abokan layin fotokofi kowa da nasa labarin, wani ya ce ofishin yana Dutse, wani ya rantse a Kano yake, wani kuma ya ce dama an gama rabawa 'ya'yan manya, jarrabawar ta rufe ido ce. Na dawo gida na tare a gindin rumbu. Nan nake cin abinci, nan nake alwala, ina kira ana ƙin ɗauka. Amma damina ba ta jiran mai neman aiki. Ciyawa ta fara haɗiye geronmu, gonar kuma a bayan duwatsu take, inda waya ba ta da amfani ko kaɗan. Dole na ɗauki fartanya. Kafin in fita na tsaya na nuna wa Goggo, da murya mai ƙarfi yadda wadda nake nufi za ta ji, cewa in aka danna koren maɓallin nan sau biyu, lambar ƙarshe yake kira.

Goggo ta gaya mini daga baya cewa ita ko taɓa wayar ba ta yi ba. Adda ce ta jawo turminta daga bakin madafa ta kawo shi gindin rumbu. Ta yi daka kaɗan, ta goge hannu, ta danna, ta saurara, ta mayar, ta ci gaba da daka.

Wata rana da azahar na taso daga gona, fartanya a kafaɗa, na biyo ta bayan gida. Tsakanina da rumbu sai dangar kara. Sai na ji muryar Adda sama-sama, yadda mutanenmu ke yi da waya kamar mai kiran wani a hayin rafi. An ɗauka ke nan.

"Ni ce wadda kika kira rannan. E, ta wajen Gwiwa. Don Allah kada ki kashe."

Ta tsaya tana saurare. Na san abin da ake tambayarta. Na buɗe baki zan yi gyaran murya in zagayo da gudu, sai na ji ta ja numfashi.

Ta faɗi sunana. Ba guntun da abokai ke kirana da shi ba, cikakkensa, yadda liman ya faɗe shi ranar suna, ta haɗa da na mahaifina, mijinta, wanda shi ma ba ta taɓa ambata ba har ya koma ga Allah. Da alama sabis ya ɗan yanke, don sai da ta maimaita, wannan karon da ƙarfin da na tabbata maƙwabta sun ji. Harshenta ya ɗan karya shi irin na Fulani, kamar baƙon abu a bakinta. Sannan ta ce, "Ɗana ne. Ni na haife shi."

Na ji Goggo daga bakin ɗakinta ta ce, "La'ilaha illallahu."

Ni kuwa sai na ajiye fartanyar. Na tsuguna a bayan dangar nan, ƙato da ni, da gemuna, hawaye yana zuba a kan ƙasar da ta manne mini a gwiwa. Daɗi ne ya kama ni, da tausayinta, har na rasa wanda ya fi yawa. Da na san ta gama, sai na koma da baya, na zagaya ta ƙofar gida, na jira har idona ya bushe, na rafka sallama kamar yanzu na iso. Adda tana ɗaki, ta saki labule. Goggo ce ta tare ni, idonta ja, ta ce an samu matar, ta kwatanta ofishinsu a Dutse, ta ce in je gobe.

Da asuba na kama hanya, mota zuwa Kazaure, wata zuwa Kano, wata zuwa Dutse, rigata mai guga duk ta yamutse kafin in isa. Matar mutuniyar kirki ce, ba zan ɗora mata laifi ba. Tana jin sunana ta yi dariya ta ce, "Au, kai ne mai sunan kakansa?" Ta tambayi lafiyar Adda. Sannan ta daina kallona, ta koma kallon teburinta. Ta ce na ci jarrabawar da kyau, amma an riga an yi ganawar, an cike guraben. In wani daga cikin waɗanda aka ɗauka bai zo ba, za su kira. Na yi shekaru a layin fotokofi, na san abin da wannan maganar take nufi. Na yi godiya na fito, na sayi ruwan leda na sha a bakin titi.

Da na dawo ban ɓoye komai ba. Na zauna na gaya wa Goggo duka, tiryan-tiryan, Adda tana gefe tana jin mu. Na ce an cike, a manta da shi kawai, Allah ya sa haka ya fi alheri. Goggo ta ce amin. Adda kuwa, ashe ƙarshen maganar matar ta riƙe, wato za su kira.

Daga baya na samu wani aikin a Babura, ta hanyar da ba ta da alaƙa da waya ko jarrabawa, kuma a cikinsa nake har yau. Adda ta rasu, Goggo ma ta bi ta, Allah ya jiƙansu. Amma in na tuna shekarun neman aikin nan, sauran daminar nan ce ke fara zuwa mini. Duk ranar kasuwa sai ta ba da wayar a kai caji, ta ce a dawo da ita kafin azahar, wai lokacin ma'aikata ke kira. Aka yi bikin 'yar ƙanwarta a wajen Yankwashi, ta ce ƙafa ke damunta, ba ta je ba. In wayar ta yi ƙara, sai in ga ta ajiye taɓarya, ta goge hannu a zane, ta miƙe tsaye sosai, ta yi gyaran murya, ta shirya tsaf don ta sake faɗa. Sai ya zama ƙanenta ne yake tambayar ko an yi ruwa a wajenmu.

Na sa Goggo ta gaya mata ta huta, ba za su kira ba. Ta ce da Goggo ai matar da bakinta ta faɗa, kuma ba ta yi kama da mai ƙarya ba. Har aka yi girbi, aka cika rumbun da gero, ba su kira ba. Ita kuwa ba ta yarda an matsar da turmin daga wurin ba.