Janaretan da Ya Kori Shanun Ardo Manu

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da sallar asuba, na bar gidana a Sabon Garin Jega na hau kabu-kabu zuwa Aliero. Ni malamin dabbobi ne. Ina da wata 'yar tirela da mai walda ya haɗa mini, ɗaki guda a kan taya biyu, da katifa da fanka da ƙaramin firij na ajiye allurar rigakafi. Ita nake ja in shiga rugage in kwana. Ardo Manu, wani dattijon Bafulatani da ke zaune wajen Kuberi, ya aiko cewa jibi garkensa zai tashi zuwa kudu, kuma can ana fama da ciwon huhu, in zo in yi wa shanun allura kafin su wuce. Sai ga shi janaretana ya mutu, motata kuma tana gareji. Maganin nan kuwa in ya sha zafi ya zama ruwan banza.

Aliero

Na isa shida saura kaɗan, na tarar da yayana Ummaru yana shirin zuwa fadama duba irin albasa. Aron a-kori-kurarsa kawai na zo yi. Da ya ji zan sayi inji, sai ya jingine fartanya.

"Inji za ka saye ba ka hwaɗa mani ba? Tare za mu tahi, kada su cuce ka."

Tun nan gabana ya faɗi. Muka sha kunu da ƙosai, muka kama hanya ƙarfe takwas, shi ke tuƙi.

Jega

Takwas da rabi muna shagon injuna. Na gaya wa mai shagon abin da nake so, wanda zai ɗauki firij da fanka da ƙwan lantarki biyu, wanda mutum ɗaya zai iya ɗagawa. Ya fito da wani ɗan ƙarami rufaffe mai hannu a sama kamar jaka. Ya tada shi, muna tsaye kansa muna magana ba tare da ɗaga murya ba. Ya ce ba ya shan mai, kuma wutarsa ba ta hawa da sauka, ba za ta ƙona firij ba. Raina ya kwanta da shi.

Yaya ya ɗaga shi da hannu ɗaya ya taɓe baki. "Wanga ai rediyo na. Tada mana wancan ja."

Aka tada jan. Wallahi har kwanon rumfar sai da ya ɗauki rawa. Yaya ya yi murmushi.

"Ka ji inji. Shekara talatin ina ban ruwa, injin da ba shi da murya ba shi da ƙarhi."

Na ce, "Yaya, ba ruwa zan ja ba, firij ne."

"To, ka hi ni sani ke nan."

Mutane sun taru suna kallo. A gidanmu ƙane ba ya mayar wa wansa magana a bainar jama'a, kuma ga makullin mota a aljihunsa. Na haɗiye abin da ke bakina na sayi jan, raina a ɓace. Mu uku muka ɗora shi a mota. Muka biya gida muka ɗaura tirela, na kwaso maganin a cikin kula mai ƙanƙara, muka fita sha ɗaya da rabi.

Maiyama

Tirela ba ta son gudu, don haka tafiyar ta ci mana kusan awa guda. A shingen da ke kafin gari wani jami'i ya leƙa ciki ya ga katifa ya ce, "Alhaji, ƙaura ake yi?" Na nuna masa takarduna ya ɗaga mana hannu. Muka yi azahar a Maiyama, muka ci shinkafa da wake wurin wata mai abinci kusa da tasha, muka cika jarka biyu da fetur. Na buɗe kula na ga rabin ƙanƙarar ya narke. Yaya kuwa yana can yana yi wa masu faci bayanin injin da ya zaɓar mini.

Kuberi

Daga kwalta muka sauka hanyar ƙasa, rami bayan rami, sai ƙarfe huɗu da rabi muka isa rugar. Ardo Manu ya tarbe mu da fura da nono, ya nuna mana gindin wata tsamiya dab da inda ake ɗaure shanu. Muka shirya cewa da sassafe za a fara allura, kafin a sake su kiwo.

Wajen biyar da rabi garken ya fara dawowa. Na ce wa Yaya a dakata da tada inji su gama shiga. Ya ce magani na lalacewa, ya ja igiyar injin.

Shanun daji ne, ba su taɓa jin irin wannan ƙara ba. Na gaba suka yi cirko-cirko, suka juya suka auka wa na baya, garken ya tsinke gaba ɗaya ya faɗa gonar dawar wani manomi da ba a girbe ba. Na ruga na kashe injin, amma aikin gama ya gama. Sai dab da magariba aka tattaro su, mai gonar yana ta faɗa yana cewa da safe zai kai ƙara wurin hakimi.

Na je wurin Ardo kunya kamar ta kashe ni. Ko fuska bai ɓata ba.

"Ba komi, likita. Ku kai injinku nesa kaɗan. Sai da sahe."

Shekara nawa ina hulɗa da Fulani, na san dattijonsu ba ya ce wa baƙo ya yi laifi, ko da an ƙona masa bukka. Duk da haka na ɗauki maganar yadda ya faɗe ta, don ita nake son ji. Muka ja tirela muka yi nisa har muka daina hango rugar, muka tada inji, muka kwana can.

Ƙarfe shida na safe muka dawo da allura a shirye. Babu saniya ko ɗaya. Sai turaku da toka mai ɗumi da sawun garke ya nufi kudu. Mai gonar ne muka tarar a wurin yana riƙe da igiyar wani rago. Ya ce tun kafin asuba Ardo ya kawo masa shi ya ba shi haƙuri, ya kaɗa shanunsa ya wuce, don ba ya son zuwa gaban hukuma. Muka bi sawun da mota har bakin wani rafi, inda tirela ta ƙi ƙetarawa. Na kira lambar ɗan Ardo ba ta shiga.

Yaya ya buɗe firij ya sa hannu ya ce, "Amma dai ka gani, ya yi sanyi ƙarara."

Da na buɗe baki a lokacin, da zumunci ya lalace.

Gida

Mun iso Jega ƙarfe ɗaya na rana. Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa mai gonar da ya karɓi haƙuri, Yaya ma na gode masa don motarsa. Laifin nawa ne, ni na san shanu kuma na yi shiru a shago.

Masu bin hanyar Yawuri, ina roƙonku, duk wanda ya gamu da garken Ardo Manu ya gaya masa ya tsaya inda yake ya aiko mini, zan zo ko a kan babur ne. Shanunsa sun shiga ƙasar ciwon huhu ba allura, maganinsu kuwa yana nan wurina.