Fatsa a Bakin Tekun Brooklyn

Ban taɓa riƙe ƙugiya a ƙasarmu ba. A Kano aka haife ni, kuma a kasuwa kawai nake ganin kifi, ko banda ko soyayye. Sai da na haura shekara arba'in, a birnin New York, sannan na koyi fatsa, a hannun wani tsoho da ko cokali ba ya iya ɗagawa da hannun dama.

A lokacin ina zaune a unguwar Soundview da ke yankin Bronx, ni kaɗai a ciki da falo. Maigidana ya rasu tun 'yarmu tana sakandare, ita kuma da ta gama sai ta samu jami'a a wata jiha mai nisa ta tafi. Aikina kula da tsofaffi a gidajensu: wanka, girki, ba da magani, sauya zanin gado. A farkon wani lokacin zafi kamfanin da ke tura mu aiki ya haɗa ni da wani dattijo baƙar fata a unguwar Flatbush da ke Brooklyn. Tsohon direban bas ne, matarsa ta mutu, ɗansa guda yana can kudancin ƙasar, ga shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da shi a keken marasa lafiya. Maganarsa a hankali take fita, kuma bai cika son yin ta ba. Ina ce masa Baba. Ranar farko ya tambaye ni ma'anar kalmar, na gaya masa, ya gyaɗa kai kawai.

Mun yi makonni a haka, gidan shiru sai ƙarar fanka. Rannan ina shara na jawo wata doguwar sanda daga bayan kabad, duk ta yi ƙura, da ɗan keken naɗe zare a gindinta. Na nuna masa na ce ko in fitar da ita bola.

"Ajiye ta," ya ce da wata murya da ban san yana da ita ba. Ya daɗe yana kallon sandar, sannan ya ce, "Kin iya tura kekena har tashar bas?"

Na ce na iya.

Washegari da safe muka tafi. Wurin wata faffaɗar gada ce da ta kutsa cikin teku ta tsaya, an kewaye ta da ƙarafa, mutane sun jeru kowa da sandarsa da bokitinsa. Iska tana warin gishiri da ƙarni. Jiragen sama suna ta sauka a can hayi, wajen wata unguwa da ake kira Jamaica, ɗaya bayan ɗaya. Da muka shigo sai masuntan suka bi ni da kallo, mace da hijabi har gwiwa tana tura tsoho, ga sanda a kafaɗa. Wasu tsofaffi biyu suka gane shi suka taso suna dafa shi. Ya yi shekaru bai zo ba, har sun ɗauka ya mutu.

Baba bakinsa ne ke aiki, ni kuma hannu. Ya sa na yanka abincin ƙugiya siriri, wani farin naman teku mai santsi da muka saya a shagon bakin hanya. Na ɗaura dalmar da za ta nutsar da ƙugiya, na soka naman, na wurga. Wurgin farko ƙugiyar ta kama gefen hijabina. Na biyu ta faɗa kusa da ƙafar gadar. Bai yi dariya ba, bai yi faɗa ba.

"Sake," ya ce.

A wannan lokacin zafin na fahimci cewa teku ma yana da lokutansa. Ruwa yakan cika ya janye, kuma kifi ya fi ci sa'ad da ruwan ke tafiya. Idan ya tsaya cak da tsakar rana, sai dai mu zauna muna gumi. Baba yakan sa in jawo ruwa a bokiti ya tsoma hannun hagunsa. Idan ya ji ɗumi sai ya ce manyan kifaye masu zane a jiki sun gudu zurfi, kada mu wahalar da kanmu, mu nemi fogi. Fogi ɗan kifi ne mai faɗi kamar karfasa, yana tsattsagar abinci a hankali har ya cinye ba ka sani ba. Akwai kuma wani shimfiɗaɗɗe kamar faifai, idanunsa biyu duk a gefe guda, mai kwanciya a kan yashi. Ranar da na fara ciro shi sai da na yi salati. Baba ya sa na gwada shi da wani zane da ya yi a jikin sandar, ya ce bai kai girman da doka ta yarda ba, in mayar da shi. Na mayar, amma raina bai so ba.

Sau da yawa mukan yi rabin yini ba mu ce wa juna komai ba. Ina shafa masa man rana a wuya, ina ba shi ruwa, idan azahar ta yi in shimfiɗa darduma a gefen kekensa in yi salla, shi kuma ya riƙe sandar da hannun hagu har in idar.

Wata safiya a watan Agusta, zafi ya yi zafi, tun hantsi babu wanda ya kama ko ɗan tsako. Sai ga fararen tsuntsayen teku sun taru wuri guda suna kuka suna faɗawa ruwa. Saman ruwan ya fara tafasa, ƙananan kifaye suna tsalle suna neman tsira. Gadar ta rikice, kowa yana ihu da yarensa.

"Bulufish ne!" in ji Baba. "Cire wannan, ɗaura ƙarfen nan mai walƙiya. Yi sauri, 'yata!"

Na ɗaura da sauri na wurga. Ban gama naɗe zaren ba na ji an fizge ni kamar an ɗaura mini ɗan maraƙi. Sandar ta lanƙwashe, zare yana fita da ƙara, na dafe ƙarfen gadar da cikina ina kiran sunan Allah da Hausa. Baba yana buga hannun kekensa yana cewa in ɗaga, in saki, in naɗe. Kifin ya yi tsalle na ga azurfar jikinsa, ya koma. Har kafaɗuna suka mutu kafin wani saurayi ya zura raga ya ɗauko mini shi. Ya kusa tsawon hannuna, bakinsa cike da haƙora. Na kai yatsa zan cire ƙugiyar, Baba ya daka mini tsawa, ya miƙo filaya. Sannan ya fashe da dariya, da rabin fuska, hawaye na zuba. Ban taɓa jin dariyarsa ba sai ranar.

Likita ya hana shi gishiri da mai, don haka na gasa masa ɗan yanki a gidansa, sauran na zuba a kula da ƙanƙara na hau jirgin ƙasa da shi har Bronx. Na yi miya da attaruhu da daddawa, na tuƙa tuwo. Da na zauna zan ci sai na ga tukunyar ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Na kira 'yata na fara ba ta labari da Hausa, ta amsa da Turanci cewa ta yi murna, amma tana cikin ƙawaye, za ta kira ni anjima. Na ci abin da zan iya ci, na rarraba sauran a robobi na jera a firji. Na yi mako ina cin miyar nan.

Da sanyi ya fara shigowa Baba ya faɗi a banɗaki, a ranar da ba ni ce ke aiki ba. Ɗansa ya zo ya yanke shawarar tafiya da shi kudu, gidan kula da tsofaffi. Ta waya kamfani ya sanar da ni, aka ce ranar Litinin in je gidan wata tsohuwa a Queens. Na roƙa aka bar ni na je sallama. Na tarar an kwashe kayan falon, Baba yana zaune cikin kwat, an sa masa hula a karkace. Na gyara masa hular. Ya nuna wa ɗansa sandar da haɓa, ɗan ya ɗauko ya miƙo mini yana godiya. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini." Bai gane abin da nake nufi ba, ya ce ban yi masa komai ba. Tun daga ranar ban sake jin labarinsa ba. Na tambayi kamfani sau biyu, suka ce ba sa ba da bayanin wanda ya bar hannunsu.

Da zafi ya dawo na koma gadar ni kaɗai, ranakun Lahadi. Tafiyar tana da tsawo, jirgi biyu da bas. Tsofaffin nan suka tambaye ni shi, na gaya musu, suka matsa suka ba ni wuri. Ba mu wuce gaisuwa ba. Ruwan ya yi ɗumi da wuri a shekarar, har ganyen teku ya riƙa naɗe mini zare, amma fogi ya samu sosai.

Wata Lahadi na ciro babba na ce alhamdu lillahi a fili. Sai na ji an ce daga bayana, "Hajiya, Hausa nike ji?"

Wani magidanci ne ɗan Nijar, yana tura keken sayar da ruwan sanyi da tabarau. Muka gaisa kamar mun shekara da sanin juna. Ya leƙa bokitina ya riƙe baki.

"Ikon Allah! Wa ya koya miki kamun kifi a garin nan?"

Na ce wani babana ne.

Ya ce iyalinsa ta haihu Alhamis ɗin da ta wuce, ba ta marmarin komai sai romon kifi. Na juye masa duk abin da na kama a leda. Ya yi ta sa albarka, ya ce lallai in zo suna ranar Alhamis, ya kwatanta mini gidan, ashe ma ba nisa da unguwarmu. Na ce in Allah ya yarda.

Ranar Alhamis ina gidan tsohuwar Queens tun safe har bayan magariba, babu wadda za ta canje ni. Na saya wa jaririn 'yan riguna, sai dai kwatancen gidan ya ɓace mini, don haka na riƙa zuwa da su gada a jaka har ƙarshen lokacin zafin, amma ban sake ganin mutumin ba.