Ƙafafun Ropo da Babban Jirgin Lekeleke

Tun yana saurayi a Agege, Ropo Akinlabi ya fi ƙofar ɗakin uwarsa tsawo, daga nan kuma bai ƙara shiga ko'ina ba sai a sunkuye. Kwandastocin danfo da sun hango shi sai su ce mota ta cika. An taɓa kai shi wurin masu ƙwallon kwando, aka tarar tsawon kaɗai Allah ya ba shi, ko a hannu aka miƙa masa ƙwallo sai ta suɓuce. Sai ya koyi aikin lantarki, ya auri Morenike mai sayar da amala a bakin tasha, suka zauna lafiya.

Aikinsa a kamfanin jiragen Lekeleke ma tsawon ne ya samo masa. Mai kamfanin, Cif Falodun, ya gan shi yana canza ƙwan lantarki ƙafarsa a ƙasa, nan take ya gane an huta da sayen tsani. Haka Cif yake. Jiragensa sun yi suna da araha daga Legas zuwa Fatakwal da Abuja, sai dai ruwan sha saye ake yi, jaka da kuɗinta, kujerar bakin taga ma ba kyauta ba ce.

Wata shekara Cif ya ga matan kasuwar Balogun suna cika jiragen baƙi zuwa China sayo kaya, abin ya tsaya masa a rai. Ƙananan jiragensa ba sa iya wannan dogon zango, dole sai babba mai faffaɗan ciki, mai hanyar wucewa biyu. Dillalai suka kawo masa guda biyu. Ɗaya sabo ne fil, ba ya shan mai, amma yana da tsada kuma sai an bi layi. Ɗayan ya ɗan sha jiki, yana zuƙar mai, amma yana nan a ajiye, cikinsa kuma na haɗiye kaya. Injiniyoyi suka ce sabon, akantoci suka ce tsohon, aka yi ta zama ana shan shayi. Cif shi tambayarsa ɗaya ce: kai nawa zai ɗauka? Dillalin tsohon ya ce sauran kamfanoni kujeru takwas suke jerawa a sahu, amma in an rage faɗinsu aka matso da sahun, tara za su shiga, har a sami ƙarin wuri a baya.

Cif bai yarda da zane a takarda ba. Ya sa kafinta ya haɗa cikin jirgi na katako a sito, ya ce a kira masa dogon nan mai ƙwan lantarki, in shi ya zauna kowa ma zai zauna.

Ropo ya ɗauki abin da muhimmanci. Ya sa sabuwar babbar rigarsa ta agbada, Morenike kuwa ta shaida wa duk mai cin amala cewa mijinta yana cikin kwamitin sayen jirgi. Aka zaunar da shi tsakanin wasu ƙattin ma'aikata biyu daga safe har tashin ofis, don a kwaikwayi tsawon tafiyar. Ranar farko bai ji komai ba sai yunwa. Amma kullum ya zo sai ya tarar kafinta ya ɗan matso da kujerar gaba, har ranar da gwiwoyinsa suka kusa taɓa haɓarsa, sai da mutum biyu suka ciro shi kamar ƙusa. Cif ya tambaye shi yadda ya ji.

"Oga, wannan kujerar ko gawa aka ɗora a kai sai ta nemi a juya ta," in ji Ropo.

Cif ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ce, "Ropo, irinka nawa ne a Legas?"

Aka aika a kira Pius, kashiyan kamfanin, wanda in ya zauna ƙafarsa ba ta kai ƙasa. Pius ya hau, ya yi barcinsa har da minshari, da ya farka ya ce ko a gidansa ba shi da kujera mai daɗin wannan. Kwamiti ya yi tafi, aka zaɓi tsohon jirgi mai tara a sahu.

Ropo ya koma kan ƙwayayen lantarkinsa yana zaton an gama da shi. Sai masu talla suka zo, suka ce hoton Pius ba zai sayar da tikiti ba. Suka zaunar da Ropo, suka cire sahu biyun da ke gabansa, suka ce ya miƙe ƙafa ya yi murmushi. Ya ce ai ba haka kujerar take ba, suka ce kyamara ce ke buƙatar fili. Ba a jima ba ga shi a ƙaton allo kan hanyar filin jirgi, an rubuta: Ko Ropo Ya Miƙe Ƙafa.

Ya ɗan ji daɗin sunan, ba ƙarya. Ciniki ya ƙaru a rumfar Morenike, a coci aka dawo da shi sahun gaba. Sai jirgin farko ya dawo daga China, mata suka sauko takalma a hannu saboda kumburin ƙafa. Shugabarsu, Alhaja Simbiyat mai leshi, ta bi sawu har rumfar, ta same shi ya tsoma hannu a miyar ewedu. Ta ja benci, ta ɗora ƙafarta a gabansa, ta kumbura kamar doya.

"Ɗana, kai ne mai miƙe ƙafar? To ga tawa, miƙe min ita."

Ropo ya zube ƙasa ya gaishe ta, ya faɗa mata yadda aka yi hoton bai rage komai ba. Alhaja ta saurara, ta ci amala malmala biyu, washegari ta kai ƙara wurin Cif da ayarin mata. Cif ya tarbe su da fara'a, ya ce sun buɗe masa ido. Cikin makon aka fito da sabon tikiti mai suna Kujerar Ropo, wato kujerun bakin ƙofa masu sarari, ga wanda zai ƙara kuɗi. Alhaja ce ta fara saye. Shi kuma Ropo aka naɗa shi jami'in jin daɗin fasinja, aka ba shi tebur a filin jirgi daidai inda masu sauka ke fitowa, don fuskarsa suka sani.

Ƙarshen shekara kamfanin ya ba shi kyautar tikitin China. Ya nemi a sa shi a Kujerar Ropo, aka ce ba a ba ma'aikata. Sai ya miƙa wa Morenike. Ta tafi, ta dawo da kumburarrun ƙafafu da buhunan tukwane, ta kwana biyu ba ta amsa masa gaisuwa. Tukwanen suka ƙare a kasuwa kafin kumburin ya saɓe, ta bar wa ƙanwarta rumfar amala ta shiga fatauci. Yanzu duk dawowarta ita ce ta farko a teburinsa, takalmi a hannu, tana kiransa jami'i. Shi kuma yakan miƙe tsaye ya ce, "Madam, sannu da hanya," ya saurare ta har ta gama, sannan ya ɗauki buhunan su tafi gida.