Tsohon da Aka Mayar Karachi a Akwati

Aikina a ƙasar nan wankan tsofaffi ne. A gida Kaduna har yau ana cewa ina aikin asibiti, ni kuma ban taɓa gyara musu ba. Kamfani ne ke tura mu gidaje. Ka ɗaga tsoho, ka wanke shi, ka sauya masa wando, ka ba shi abinci a baki, ka zauna kusa da shi har 'ya'yansa su dawo. Na wanke Bature, na wanke baƙar fata, na wanke wanda yake tofa mini yawu. A cikinsu duka mutum ɗaya ne ya bar mini amana, wani tsoho ɗan Pakistan a Gaithersburg, wani gari a jihar Maryland, wanda ya roƙe ni kada in bari a ɗauki gawarsa a fitar daga ƙasar nan.

Ɗansa ne ya nemi kamfani ya turo namiji Musulmi, wanda zai iya yi wa uban alwala. Injiniya ne, mai fara'a, kuma tun ranar farko yake kira na "ɗan'uwa". Da na ji 'yan Pakistan ne wallahi sai da na yi murna. Mu da muka tashi a Arewa muna jin sunan ƙasar nan da girma. Malamin lissafinmu a sakandare, kafin in bar ta a aji uku, daga can yake. Kuma lokacin samartaka, bayan kowace fitina a garinmu, sai ka ji ana cewa da ma muna da tamu ƙasar mu kaɗai kamar yadda Musulmin Indiya suka samu, da mun huta. Ni ma na faɗa, da bakina, ba sau ɗaya ba.

To ranar farko ina gyara wa tsohon matashin kai, sai na ce bari in faranta masa. Da ɗan Turancina na ce, "Baba, ku kun more. Ƙasa guda aka yanka aka ba Musulmi."

Ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Ka taɓa zuwa?"

Na ce a'a.

Ya ce, "Na ga alama. Kai Najeriya, ɗauko mini haƙorana na roba."

Daga ranar sunana ya zama Najeriya. Najeriya shayi ya yi sanyi. Najeriya hannunka kamar na mai dambe, a hankali mana. Ni kuma Baba nake ce masa, don ya haifi kamata.

Yana da gigin tsufa, wannan gaskiya ne kuma ba zan ɓoye ba. Da yamma yakan rikice, ya tambayi mutanen da suka daɗe da mutuwa. Amma da safe, daga bayan wanka zuwa azahar, kansa ya fi nawa. A lokacin ne nake shafa masa mai a ƙafa, shi kuma yana magana. Ban taɓa tambayarsa ba. Shi ya ga dama.

Yana ƙaramin yaro Turawan Ingila suka tattara za su tafi, suka ja layi a ƙasar, nan na Hindu, nan na Musulmi. Garinsu ya faɗa ɓangaren Indiya. Ubansa akawu ne, kuma ya yarda da maganar sabuwar ƙasa har cikin ransa. Ya bar gida, ya bar shagon kakansu, ya sa iyali a jirgin ƙasa. Baba ya ce shi ta taga aka jefa shi ciki, kamar buhu, ya faɗa kan mutane. An rufe tagogin don tsoron masu kai hari, babu ruwa, kuma jirgin yakan tsaya a daji ba wanda ya san dalili. Uwarsa amai da gudawa suka kama ta a hanya. A wata tsayawa aka sauke ta, maza suka tona rami da hannu da guntun ƙarfe a gefen layin dogo, ba wanka, mayafinta ne likkafani. Bai san sunan wurin ba. Bai ma sani ba ko an riga an tsallaka layin ko ba a kai ba.

Sai Karachi. Tanti tukuna, sannan bukkar kwano. Uban ya samu aiki a ofishin sabuwar gwamnati, ofishin da babu kujera, a kan akwatin katako suke zama, da ƙaya suke manne takardu. Baba ya ce uban yakan dawo ya ba su wannan labarin yana dariya, yana alfahari, wai ƙasa suke ginawa daga babu. Yana faɗar wannan sai in ga idonsa ya yi laushi. Yana son uban nan. Ina jin ƙasar ma yana son ta, irin son da kake yi wa wanda ya cuce ka.

Don abin da ya biyo baya shi ne, har ya yi furfura a garin ana kiransu masu hijira. 'Yan asalin wurin suna ganin sun zo sun cinye musu gari. Ya ce, "Najeriya, a Indiya an ce mu Musulmi ne, mu tashi. Muka je ƙasar Musulmi aka ce mu 'yan Indiya ne." Daga baya rabin ƙasar ya ɓalle da yaƙi, Musulmi na kashe Musulmi. Daga baya unguwarsu ta zama wurin harbe-harbe. Matarsa ta rasu, ɗan ya ɗauko shi ya kawo nan.

Ni ina ji ina murza masa ƙafa. Kaduna nake tunawa. Mu ma an raba mana gari da kogi. Unguwar da aka haife ni, inda kabarin mahaifina yake, yau ba na iya shiga da hula a kaina. Mun koma ɓangaren namu, mu kaɗai, kamar yadda muka yi ta fata. Ban ga hutun ba. Da na gan shi da ban zo nan ina wanke gindin mutane ba.

Duk watan Agusta mutanensu suna bikin ranar 'yancin ƙasarsu a wani ɗakin taro. Shekarar nan ni na shirya shi. Ɗan ya kawo koriyar riga da hula, na sa masa, na tura shi a keken marasa lafiya har gaban taro. Shi ne abin nunawa, tsohon da ya shiga jirgin da kansa. Yara da aka haifa a Maryland suna kaɗa tuta, ana ɗaukar hoto da shi, wani ya yi jawabi ya ce ƙasar da ta karɓi wannan dattijo tana jiran ta rungume shi. Aka yi tafi. Baba ko shinkafar da aka zuba masa bai ci ba.

Washegari da safe nas ta zo. 'Yar Filato ce, Kirista, takan zo duba shi lokaci-lokaci, kuma da Hausa muke magana. Sista nake ce mata.

Ta ce, "Malam, yau kuma me ka ba tsohona? Jininsa ya hau. Ko ka fara masa wa'azi?"

Na ce, "Ku ne masu wa'azi da ganga. Ni mai kawai na shafa."

Baba ya ce mu daina wannan yaren, mu matso. Ya kama hannuna, ya kama nata. Ya ce, "Ku biyu ku ji. In na mutu, a sa ni a nan, a ranar. An ɗauke ni sau ɗaya kamar kaya don a kai ni ƙasar can. Kada a sake. Uwata inda ta faɗi aka sa ta, ni ban fi ta ba."

Na ce, "Baba, ka faɗa wa ɗanka?"

Ya ce, "In na fara sai ya sumbaci goshina ya ce in daina irin wannan magana. Najeriya, kai ka faɗa masa. Amana ce."

Da muka fito Sista ta tare ni a bakin mota. Ta ce, "Malam, yau ɗin nan ka zaunar da ɗan ka gaya masa. A kira lauya tun tsohon yana gane mutane. A ƙasar nan abin da ba a sa wa hannu ba, ba a yi shi ba."

Na ce mata ba haka ake yi ba. Ni wane ne? Ɗan aiki ne. Yaya zan tsaya gaban mutum, a cikin gidansa, ubansa yana numfashi a ɗaki, in fara masa maganar inda za a binne shi? A wurinmu irin wannan magana babba ake nema ya kai ta. Kuma wasiyya an yi ta, mutum da hankalinsa, a gaban mutum biyu. Me ya rage?

Ta ce, "Kai dai har yanzu kana Kaduna."

Ranar Juma'a na je masallacinsu, na jira aka watse, na durƙusa gaban liman na faɗa masa komai. Dattijo ne, ya saurare ni da kyau, ya ce zai yi magana. Kuma ya yi. Sai dai kafin ya kai ga ɗan, ya nemi shawarar wasu manyan masallacin, su kuma suna da mata, matan suna da waya. Kafin mako ya zagayo kowa ya ji cewa tsohon da ake sa wa koriyar hula ya ce ko gawarsa kada a kai Pakistan, kuma wai baƙin mutumin da ke masa wanka ne ya fito da zancen.

Ɗan bai ɗaga murya ba. A kicin ya same ni ina wanke kofin Baba.

Ya ce, "Ɗan'uwa, me ya hana ka zo wurina?"

Na ce, "Girmanka na gani."

Ya ce, "Girmana? Ka kai sirrin gidana masallaci." Sannan ya ce, "Jiya da yamma da sunan ƙaninsa ya kira ni. Wannan ne mutumin da za ka ce ya yi wasiyya? Mahaifiyata tana can. Kakana yana can, wanda ya rasa komai don ƙasar nan. An bar masa wuri a tsakaninsu. In bar shi nan shi kaɗai a gefen babbar hanya?"

Na ce da safe ya faɗa, kuma Sista tana wurin. Na ce ya shiga gobe bayan wanka ya tambaye shi da kansa.

Ya ce, "Ba zan tambayi mahaifina inda yake so in binne shi ba."

Ka ji fa. Kunyar da ta hana ni tunkararsa, ita ce ta hana shi tunkarar uban. Amma tawa ce ta zama laifi.

A makon kamfani ya kira ni, wai iyalin sun nemi a sauya musu mutum. Ba wani bayani. Aka tura ni wurin wata tsohuwa a Landover. Ko sallama ban yi da Baba ba, don ranar da na fita yana barci kuma ban san ita ce ta ƙarshe ba. Sista ta ce ita ma ta faɗa wa ɗan abin da ta ji, ya yi mata godiya sosai, ya raka ta har ƙofa. Har yau in mun haɗu takan ce da na bi shawararta. Ni ban yarda na yi kuskure ba. Na bi hanyar da aka koya mini ta mutunci. In hanyar ba ta aiki a nan, wannan ba ni na lalata ta ba.

Da sanyi ya shigo Baba ya rasu. Sista ce ta kira ni. A garinmu wanda ya rasu da hantsi kafin la'asar an dawo daga maƙabarta. Shi kuwa kwanaki ya yi a firiji ana neman takardun ofishin jakadanci da na jirgi, aka yi masa abin da ake yi wa gawa don kada ta lalace a hanya. Mutumin da ya ce a ranar.

Na nemi izini a wurin aiki na je sallar jana'iza. Akwati ne a rufe, ban ga fuskarsa ba. An lulluɓa masa koren ƙyalle. Na tsaya a sahun baya. Da aka sallame mutane suka yi layi suna yi wa ɗan gaisuwa, ni ma na shiga. Da na iso gabansa na kama hannunsa, na yi masa ta'aziyya yadda ta kamata, sannan na ce, a hankali amma yadda na kusa za su ji, "Mahaifinka ya ce a binne shi a nan. Ya ba ni amana in faɗa maka. Na faɗa."

Idonsa ya yi ja, don ya sha kuka, kuma ba na cewa kukan ƙarya ne. Ya ce, "Na gode, ɗan'uwa. Allah ya saka." Ya saki hannuna ya miƙa wa na bayana.

Na fita na tsaya a wurin ajiye motoci. Suka fito da shi, suka tura akwatin cikin wata farar mota, wani yana duba waya yana cewa su hanzarta, sashen kaya na filin jirgi yana rufewa da wuri. Maƙabartar Musulmi ba ta da nisa da masallacin, hannun dama ake bi. Motar ta ba da sigina ta yi hagu.